Wace mota ce ta dace da kwasar ragowar abinci a Aboabo, Kumasi?

Ɗan uwa, ka ce in majalisar Asokore Mampong za ta sayi motocin kwasar ragowar abinci, babbar mota za ku nema ko aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya.

Ka fara duba lungunanmu. Motar matse bola ba ta shiga yawancinsu, sai bakin titi da kasuwa. A ganina aboboya ta bi gida-gida, ta kai wa babbar a matattara. Amma ragowar waake da ɓawon rogo ruwa gare su, ga nauyi, ga tsami mai cin ƙarfe. Dole bodi ya zama rufaffe, mai tankin tare ruwa, in ba haka ba ɗoyi zai bi ta har kwata.

Kuskuren da aka saba: a sayi mota, a manta kuɗin mai, direba da kayan gyara. Wani kuma, a haɗa da leda, alhali masana'antar taki ta Adagya ta fi son tsantsa, sauran sai juji na Oti.

Ƙididdigar nauyi aikin injiniyan sashen shara ne. Ka nemi asambuliman ɗinku, wato wakilin unguwarku a majalisa, ya tambayi ko an bi dokar sayayyar gwamnati ta 2003.