Amsoshin Tambayoyinku: Shirin Intabiyun Aikin Tuƙin Jirgin Sama

Wani matashi daga Jidda ya rubuto: Na yi lasisin tuƙi na kasuwanci a kwalejin Zariya, ina da sa'o'i 230. Wani kamfani mai zirga-zirgar cikin gida ya kira ni intabiyu nan da sati biyar. Kuɗin hannuna ba za su yi komai da komai ba. In biya horon nau'in jirgi tun yanzu, ko in yi hayar simuleta, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi?

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Horon nau'in jirgi a kan jirgi guda ake yin sa. Wanda ya yi na A320, irin da kamfanonin Saudiyya flynas da flyadeal ke aiki da shi, bai isa ya zauna a ɗakin tuƙin ATR 72 mai farfela ba. Kuma yawanci duk wata 12 sai an sabunta shi da gwaji. In aikin bai fito ba, ka sayi abin da zai lalace a aljihu. Sai ka ga takardar ɗauka a rubuce, ka karanta wa zai biya da shekarun da za a ɗaure ka, sannan a yi maganarsa.

Simuleta ce ta cancanci kuɗinka. Sa'o'i uku ko huɗu sun wadatar, ka raba su zama biyu, na ƙarshe ya faɗo cikin kwana goma kafin ranar. Ba dole ne ta zama mai motsi ba, tsayayya ta fi araha kuma tana yin aikin. Malamin shi ne abin dubawa: ka nemi wanda ya taɓa tuƙa fasinja, wanda zai gaya maka gaskiya ko ba daɗi.

Ka ce ya kashe maka tuƙin kai-da-kai da alamar jagora mai nuna maka inda za ka karkata jirgi, ka sauko kan ILS, wato siginar da ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka, da hannunka, domin a nan ake tace mutane. Kurakuran sanannu ne. Mutum ya kafe ido a kan allurar ma'auni ɗaya, gudu ya zube bai sani ba. Ko ya riƙa bin allura da manyan gyare-gyare, alhali kusa da titin jirgi digiri biyu sun isa. Ko ya manta da tirim, wato abin da ke sauƙaƙa nauyin sitiyari, yana kokawa da sitiyari har gumi ya keto masa. Ka shiga da lissafinka a ka: a gangaren digiri 3, ninka gudunka a kan ƙasa sau biyar. Gudun not 140, wato mil ɗin ruwa 140 a sa'a, na neman saukowar ƙafa 700 a minti, kuma kowane mil ɗin ruwa ɗaya saukowar kusan ƙafa 300 ne. In ka ga saukar ta karkace, ka fasa ka sake tashi, ka faɗa da baki. Masu gwaji sun fi yarda da wannan a kan saukar dole.

Sai mutuwar inji bayan V1, wato gudun da in an wuce shi ba a fasa tashi. Taka feda ka tsayar da hancin jirgi, riƙe V2, wato gudun hawa lafiya da inji ɗaya, kada hannunka ya kai kan komai sai kai da abokin tuƙinka kun tabbatar da wane inji ne. A Fabrairun 2015 jirgin TransAsia ƙirar ATR 72 ya faɗa kogi a Taipei, mutum 43 suka rasu, saboda an kashe injin da ke lafiya. Gaggawa ce kan jawo irin haka.

Abu guda da ba ka tambaya ba: lasisin Najeriya ba ya aiki a kamfanin Saudiyya sai GACA, hukumar sufurin jiragen sama ta Saudiyya, ta amince da shi ko ta musanya. Tambayi kamfanin tun yau ko su ke ɗaukar wannan nauyi.

Wani daga Riyad ya ce: Ana sayar da tarin tambayoyin intabiyu a intanet. Suna da amfani?

Sayi guda ɗaya, kada ka tara. Amfaninsa ya nuna maka inda kake da rauni, ba hadda ba, don mai tambaya yana jin amsar hadda sai ya ce "me ya sa?", nan take asiri ya tonu.

Ga misali. Filin jirgin Abha yana kan tudun kusan ƙafa 6,800. A ma'aunin yanayi na bai-ɗaya da matuƙa ke aiki da shi, zafin wannan tsayi bai fi digiri 1 ko 2 ba. In ranar ana digiri 30, an haura da kusan 28. Ninka da ƙafa 120, ka ƙara a kan tsayin filin, sai ka ga jirgi yana jin kamar a ƙafa 10,000 yake. Iska ta yi sirara, inji ya rage ƙarfi, gudun tashi ya ƙara tsawo, wataƙila sai an rage kaya. Wanda ya iya warware wannan da bakinsa ya wuce mai amsa ɗari a ka.

Ka kuma iya karanta METAR, wato rahoton yanayin filin jirgi, da sauri, musamman alamun da aka fi gani a Saudiyya: DU ƙura, SA yashi, SS guguwar yashi, HZ hazo. Ka san cewa a ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, man ajiya na ƙarshe ga jirgi mai injin tabin, irin su A320 da ATR 72, na minti 30 ne a ƙafa 1,500, da bambancin sanar da ƙarancin mai da kiran gaggawa na Mayday. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi littafin da za ka duba.

Wata uwa daga Makka ta tambaya: Wani dillali ya ce in an ba shi kuɗi zai sa sunan ɗana cikin waɗanda za a kira.

Hajiya, kada ki ba shi ko riyal ɗaya. Kamfanonin jirage a shafinsu suke tallar aiki, kuma ba a sayen kujerar intabiyu. Ki sa yaron ya duba sharuɗɗan da kansa, domin guraben masu ƙananan sa'o'i galibi na 'yan ƙasa ne. In iƙama gare shi, ya san matsayinsa kafin a kashe kuɗi.

Daga Madina: Me zan saya na ranar, kwat ko na'urar kunne mai tsada?

Na'urar kunne akwai ta a simuleta. Kwat mai duhu, farar riga da takalmi gogagge sun isa, ko aro ne.

Takardu ne abin ɓata wa lokaci. Shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya, wadda yawanci shekara guda take yi, kada ta zama saura kwanaki. Shaidar Turanci ta ICAO aƙalla mataki na 4. Sai littafin sa'o'inka: zauna da kalkuleta ka sake tara kowane shafi, na dare daban, na tuƙi da dogaro ga na'urori daban, na jirgi mai inji biyu daban, jimlar ta yi daidai da abin da ka cike a fom. In akwai kuskure, ja layi ɗaya ka gyara ka sa hannu, ban da goge-goge.

Za su tambaye ka ko ka taɓa faɗuwa gwajin tuƙi. In ka taɓa, faɗi wanne ne, abin da ya jawo, da yadda ka gyara, cikin minti ɗaya, ba tare da ɗora wa malaminka laifi ba. Suna iya tuntuɓar makarantarka. Haka in suka ce kyaftin ya nace zai sauka alhali jirgi bai daidaita ba, amsar da suke jira ita ce za ka faɗa masa a sarari, ka maimaita da ƙarfi, in bai ji ba ka kira a fasa sauka, ko da ya girme ka da shekara talatin.