Amsar Goggo a kan "da ya ishe mu"

'Yata, saƙonki ya iso, na gode Allah da kuna lafiya. Kin ce a cocinku can Ingila, daren Alhamis kafin Ista, fasto ya riƙa lissafa alheran Allah ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa da "da ya ishe mu". Daga baya kika ji ashe al'adar Yahudawa ce, hankalinki ya ƙi kwanciya, shi ne kike tambaya ko ya dace da Kirista.

Abin da kika ji sunansa Dayenu, kuma ma'anarsa ke nan da Ibrananci. Yahudawa suna rera shi a gida, iyali na zaune kan abincin daren Idin Ƙetarewa. Baiti 15 ne: biyar kan fitowa daga Masar, biyar kan raba teku da shekara 40 a jeji da manna, abincin da Allah ya sauko musu da shi, sauran biyar ɗin kan Asabar, Dutsen Sina'i, Attaura, ƙasar alkawari da Haikali. Cikakken rubutunsa mafi daɗewa yana cikin littafin addu'o'in Amram Gaon, malamin Yahudawan Babila a ƙarni na 9. Don haka kada wani ya ce miki Dayenu ne Almasihu ya rera da almajiransa. Matiyu 26:30 cewa ya yi sun yi waƙa kafin su fita Dutsen Zaitun, kuma Zabura 113 zuwa 118 ake rerawa a wannan idi.

Akwai baitin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wai da Allah ya raba mana teku bai ƙetarar da mu ba, da ya ishe mu. Ta yaya zai ishe su, ga rundunar Fir'auna a baya? Sai da na manyanta na gane. Nufinsa kowace kyauta ta cancanci godiyarta cikakkiya, ba sai ta gaba ta zo ba. Buɗe Littafin Ƙidaya sura 11 ki gani: manna na sauko musu, su kuwa suna kukan kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar. Jikokin masu gunagunin nan su ne suka zauna suna koya wa bakinsu cewa ya isa.

Mu nan mun iya godiya a dunƙule. "Mun gode Allah domin kome da kome," shi ke nan mu wuce zuwa roƙo. Shekarar da maigidana ya yi jinya har Ubangiji ya kira shi, wannan dunƙulalliyar ta ƙi fita daga bakina. Sai na koma ƙirgawa da dare. Da ya ba ni shi shekara 31 bai ƙara ko kwana ba, da ya ishe ni. Da ya bar shi ya ga aurenki kaɗai, da ya ishe ni. Ina faɗa ina hawaye, amma da gaske nake faɗa.

To ki amsa tare da su, 'yata, babu laifi. Zabura 103:2 ma umarninta ke nan, kada rai ya manta da alheransa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kwaikwayi dukan abincin idinsu kamar wasan kwaikwayo, alhali masu abin suna nan da ransu suna yin ibadarsu. Mu muna da Jibin Ubangiji. In an ara, a faɗi inda aka aro, a ambaci masu shi da mutunci, domin Bulus ya gargaɗe mu a Romawa 11:18 cewa saiwa ce ke ɗauke da reshe.

Ki zauna da maigidanki da yara ku rubuta naku, ku fara tun daga ranar da kika bar gida. In kun gama ki kira ni ki karanta mini, ina so in amsa muku da bakina. Ki gaishe su duka.