Anti, kuɗin raino na cinye abin da nake samu a koyarwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema dan kaina ya ƙulle. Ni malamar bayoloji ce, na koyar a wata sakandare a Zariya kafin mu taho Ingila, maigidana nas ne a wani asibiti a Bradford ni kuma na biyo shi da yara biyu, babban shekararsa uku da 'yan watanni, ƙaramar kuma shekara ɗaya da wata biyu. Na yi rajista da wata ejansi mai tura malamai makarantu in malaminsu bai zo ba, to amma aikin ba tabbas, wani satin su kira ni kullum wani satin shiru kamar an ɗauke wuta, kuma kiran da sassafe ne a ce ki kasance a makaranta kafin takwas da rabi, ina zan kai yara a wannan lokacin? Da na sa su a gidan raino na sati cikakke sai na ga ko na je aiki ko ban je ba sai na biya, ƙarshen wata ba abin da ya rage min. Maigida ya ce in haƙura in zauna har ƙaramar ta shiga makaranta, ni kuma wallahi ina tsoron in zauna aikin ya kuɓuce min gaba ɗaya. Bizarmu irin wadda aka rubuta ba mu da haƙƙin tallafin gwamnati ce. Ya zan yi?

Ƙanwarki daga Bradford

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana yaran. Kin ga inda matsalar take a cikin wasiƙarki ma kin faɗe ta, kuɗin raino tsayayye ne, kuɗin aikin kuma yau akwai gobe babu. Tunda gidan raino ba za su yarda ki biya su ranar da aka kira ki kawai ba, aikin ne za ki tsayar. Ki daina zaman jiran waya kwana biyar, ki zaɓi kwana biyu ko uku a sati ki ce wa ejansin waɗannan ranakun ni taku ce ko ina ne zan je, sauran kuma kar ku neme ni. Na san za ki ce ai aikin zai ragu. Ba lallai ba, su masu ejansin abin da suka fi so shi ne malamar da in ta ce Talata da Laraba to Talata da Laraba ne, ba wadda sai an kira ta fara neman inda za ta ajiye goyo ba.

Kuma akwai aikin cike gurbi da tun asali ranakunsa tsayayyu ne, shi nake so ki farauta. A yawancin makarantun gwamnati na Ingila kowane malami yana da haƙƙin a ware masa aƙalla kashi 10 cikin 100 na lokacin koyarwarsa dan shirya darasi da duba aikin ɗalibai, suna ce masa PPA, kuma a firamare in malamar aji ta fita wannan lokacin dole wani ya riƙe mata ajin, kowane sati, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Sai hutun haihuwa, wanda a can yana iya kaiwa sati 52, da malaman da suka dawo daga haihuwa suka ce kwana uku kawai za su riƙa yi, wa zai riƙe sauran biyun? Ki kira mai kula da fayil ɗinki a ejansin ki faɗa mata ƙarara irin wannan kike so. Ki yi rajista da ejansi biyu ko uku, ba laifi ba ne kowa haka yake yi, kuma ki tambaye su ko suna da tsarin da suke ba da tabbacin biyan wasu kwanaki ko an samu aiki ko ba a samu ba, wasu suna yi, sai dai ki karanta sharuɗɗan da kyau dan yawanci ba ki da ikon ƙin zuwa inda aka tura ki. Takardar DBS ɗinki kuma, wato ta binciken ko mutum yana da tarihin aikata laifi, ki sa ta a tsarin sabuntawa na shekara-shekara, shi zai sa ba sai kin sake sabuwa a kowace ejansi ba.

Wani abu da ejansi ba za su yi gaggawar tuna miki ba: dokar ma'aikatan ejansi ta 2010 ta ce in kika yi sati 12 a aiki ɗaya a wuri ɗaya, kin cancanci a biya ki kamar yadda za a biya ki da makarantar ce ta ɗauke ki kai tsaye. Ko kwana ɗaya kika yi a cikin sati an ƙirga satin, kuma hutun makaranta dakatar da ƙirgen yake yi ba goge shi ba. Kin ga mai yawo makaranta goma da wuya ta cika sati 12 ɗin nan, mai zuwa makaranta ɗaya duk Laraba kuwa za ta cika. Sannan ki duba takardar albashinki, in ta hannun kamfanin da ake cewa ambirela ake biyanki akwai kuɗin da suke cira na hidimarsu, ki nemi a mayar da ke PAYE, wato ejansin da kanta ta riƙa biyanki tana cire haraji, ki kwatanta abin da ke shigowa hannu.

Yanzu maganar yara. Babban naki ya riga ya cancanci awa 15 kyauta a sati, na sati 38 a shekara, wato awa 570, kuma wannan na duk yaro ɗan shekara 3 da 4 ne a Ingila, ba ruwansa da irin bizar iyaye, yana farawa ne daga zangon da ya biyo bayan cikarsa shekara uku. In ba ki karɓa to kuɗi kike zubarwa. Abin da za ki roƙa shi ne a haɗe miki awoyin a kwana biyu maimakon a yayyanka su awa uku-uku kullum, dan awa uku da safe ba ta amfana wa malama komai, wasu wuraren suna yarda wasu ba sa yi, ki zaga ki tambaya. Awa 30 ɗin da kike jin ana ta magana, wadda tun Satumban 2025 aka faɗaɗa ta har zuwa jarirai 'yan wata tara, da tsarin Tax-Free Childcare inda in ka zuba fam 8 gwamnati ta ƙara fam 2 har zuwa fam 2,000 a shekara kan kowane yaro, waɗannan da irin bizarku ba za ku samu ba sai ranar da ɗayanku ya samu takardar zaman dindindin. Kar wata a guruf ɗin WhatsApp ta ce miki ki cike fom ɗin kawai ai ba a dubawa, ana dubawa. In ƙaramar ta cika shekara biyu ki tuntuɓi kansul ɗinku, akwai awa 15 da ake ba iyalai masu irin bizarku in kuɗin shigarsu bai wuce wani iyaka ba, albashin nas zai iya ɗara iyakar amma tambaya ba ta cin kuɗi.

Ita ƙaramar ita ce ainihin kuɗin. Ni da ni ce mai raino a gidanta zan nema, wadda ta yi rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da masu raino, dan sau da yawa sun fi babban gidan raino sauƙin kuɗi da sauƙin kai wajen lokaci, kuma tana iya ɗauko miki babban in an tashe su. Ki dage kan kwantiragin lokacin zango kawai. Ranakun karatu a shekara 190 ne, duk sauran ba aiki ba biya, to in kina biyan raino a watan Agusta da hutun Kirsimeti da na Ista a nan ribar take tafiya. Wasu za su ce sai kin biya wani abu na riƙe gurbi a lokacin hutu, ki yi ciniki, ke ba baƙuwar ciniki ba ce. In kuma kina da ƙawa mai yara ku yi karɓa-karɓa, ta riƙe naki yau ki riƙe nata gobe, doka ta yarda matuƙar ba kuɗi a tsakani. Amma ki biya wata 'yar garinku da ba ta da rajista ta riƙe miki yarinya wuni guda a gidanta, wannan kam a'a, ita za ki jawo wa matsala.

Sai maigida, Allah ya ƙara masa haƙuri da ni. Ma'aikatan jinya da yawa a can dogon shif suke yi kwana uku ko huɗu a sati, to sauran kwanakin fa? In zai iya roƙon a tsayar masa da rana ɗaya ta hutu a tsakiyar sati, kin samu ranar aiki guda da ba ki biya kowa ko sisi ba. Kuma wannan lissafin da ake yi a cire duk kuɗin raino daga albashin mace kaɗai sannan a ce ai aikin nata ba riba, ban taɓa yarda da shi ba, yaran na ku biyu ne. Ku zauna da biro da takarda, kuɗin rana bayan haraji, a cire raino a cire kuɗin bas, in kwana biyu ne ke barin wani abu to kwana biyu za ki yi bana, ba dole sai biyar ba. Ki kuma sa a ranki Satumba da ƙarshen zangon bazara aikin kiran safe yana ja baya, lokacin sanyi da mura ta kama malamai ne waya ba ta hutawa.

Ba ki faɗa min ko kina da QTS ba, wato shaidar ƙwararren malami ta Ingila. In babu, ƙila kuɗin mai tsaron aji ake biyanki ba na cikakkiyar malama ba, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Tun Fabrairun 2023 aka buɗe wa malaman da suka yi karatun koyarwa a Najeriya ƙofar neman ta, a darussan lissafi da kimiyya da harsuna na 'yan shekara 11 zuwa 16, bayoloji kuwa kimiyya ce. Suna taɓa sharuɗɗan lokaci-lokaci, dan haka ki karanta na yanzu a shafin gwamnatinsu da idonki kafin ki biya kowa komai, sannan ki fara bin takardar shaidarki daga TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, tun yanzu dan kin san halin ofisoshinmu. In kuma wata makaranta ta ji daɗin aikinki ta ce za ta ɗauke ki kai tsaye, ejansin za ta nemi makarantar ta biya ta kuɗin sallama, nan ne hedimasta kan ja da baya. Ki ce masa ya duba yarjejeniyarsu, doka ta tilasta wa ejansi ta ba da zaɓin ki ci gaba da aiki ta hannunta na wasu makonni sannan ki koma ma'aikaciyar makarantar ba tare da an biya wannan kuɗin ba.