Takwarata a ƙungiya biyu: ƙwazo ne ko ana ci da guminta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana zaune da iyalinsa a Dalas ta jihar Teksas a Amurka. 'Yarsa ta fari takwarata ce, shekararta 12. Shekara uku ke nan tana wani wasa da suke kira ciyalidin, inda 'yan mata ke ɗora 'yar'uwarsu a tafin hannu su cilla ta sama su cafe. Ita ce wadda ake cillawar. Ranar da aka turo min bidiyon a WhatsApp sai da na kau da kai. Maganar sutura mun gama ta a cikin gida, da dogon wando da riga mai hannu take yi, ba ita na kawo maka ba.

Bana kocinsu ya sa ta a ƙungiya ta biyu a gidan horon nasu, ta 'yan matan da suka girme ta, ga kuma tata ta asali. Wata guda ke nan tana gwadawa. Atisayenta ya tashi daga awa 6 a mako ya koma 13, ranar Juma'a kaɗai take hutawa. Uwar tana ganin abin alfahari ne, uban yana ƙorafin kuɗi, sun ce ni babba in raba musu gardama kafin ya sa hannu a takarda. Ni kuwa ban san kan abin ba. Sannan yarinyar ta faɗa min a waya cewa gwiwarta na ciwo in ta durƙusa a salla, amma kada in gaya wa babanta. Me zan ce musu?

Daga wata gwaggo, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Sau biyu na karanta wasiƙarki, a na biyun na tsaya cak a kan maganar gwiwar nan. Zan zo kanta. Bari in fara sanar da ke irin wasan, don kada ki shiga shari'ar da ba ki san ƙasarta ba.

Asalinsa aikin sanƙira ne. A 1898 wani ɗalibi mai suna Johnny Campbell a Jami'ar Minesota ya tsaya gaban 'yan kallo yana ja musu kirari suna amsawa don zuga 'yan ƙwallonsu, kuma shekaru da dama maza ne ke yi. Daga baya mata suka mamaye shi, aka shigo da alkafura da ɗaga mutum, har ya rabu da bakin filin ƙwallo ya zama gasa mai zaman kanta. A garin da ƙanenki yake ma, Dalas, Lawrence Herkimer ya kafa ƙungiyar horar da masu wasan a 1948, don haka takwararki a cibiyar abin ta tashi. Kwamitin Olamfik na duniya ya amince da hukumar wasan ta ƙasa da ƙasa a 2021, ko da yake ba a sa shi cikin wasannin Olamfik ɗin ba tukuna. Irin wanda take yi, na gidajen horo masu zaman kansu, minti biyu da rabi ne kacal a kan wani dandamali mai sifirin, ƙafa 42 da 54. A cikin wannan ɗan lokaci za a yi tsalle, a yi alkafura, a gina dala da jikin mutane, a cilla, a cafe, a rufe da rawa, alƙalai na ba da maki. An kasa shi mataki bakwai. A mataki na 2 yarinya na alkafurar baya tana dafa ƙasa da hannu, a na 3 kuwa a iska za ta juya ba dafawa. Kin ga tsakanin mataki da mataki ba ƙaramar tazara ba ce.

Shiga ƙungiya biyu a gida ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurinsu, suna da sunansa, kurosoba, wato mai tsallakawa. Hukumar da ke tsara musu dokoki, USASF, wadda aka kafa a 2003, ta yarda ɗan wasa ya fito a ƙungiyoyin gidan horonsa har uku a gasa guda, amma ba zai yi wa gida biyu wasa a gasa ɗaya ba. A babbar gasarsu ta duniya da ake yi a Olando ta jihar Fulorida a watan Afrilu, nan ba a yarda a raba ƙafa ba, ƙungiya ɗaya za ka zaɓa. To kocin bai karya doka ba. Sai dai doka ta faɗi iyakar abin da aka halatta ne, ba ta ce jikin kowace yarinya zai ɗauka ba.

Mu Katsinawa ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba, don muna da filin Polo. Tun zamanin Sarki Dikko da ya kawo mana wasan, da Sarki Usman Nagogo da ya yi suna a cikinsa, mun saba ganin ɗan wasa ɗaya ya buga wa wannan ƙungiya a ƙaramin kofi, ya sake fitowa da wata a babban kofi. Amma ki tsaya wajen da ake ɗaure dawaki ki gani. Zango ɗaya minti bakwai ne, ana busa tashi mutum zai diro, yaran barga su karɓi dokin yana kumfa, su kwance sirdi, su zuba masa ruwa, su miƙo wani sabo. Mahayin ne ke buga wasa biyu, ba dokin ba. Takwararki ita ce mahayin, ita ce kuma dokin, ba ta da wata gwiwar a ɗaure a gindin bishiya da za a miƙo mata.

Polo na da wani abu kuma. Kowane ɗan wasa yana da handikaf, wato makin da ke nuna ƙwarewarsa, daga ƙasa da sifili da biyu zuwa goma, a tara na mutum huɗun, in ya haura abin da kofin ya yanka ba za su shiga ba. Haka ake hana a cika ƙaramin kofi da manyan 'yan wasa. A ciyalidin wannan ita ce gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin iyaye da kociyoyi. Wasu gidajen sukan sauko da ƙwararrun babban mataki su zuba a ƙaramar ƙungiya don a kwashe kofi, 'ya'yan wasu su tashi a tutar babu. Ƙananan gidaje kuma sukan ce su ba don kofi suke yi ba, yaransu ne ba su da yawa, in babu masu tsallakawa ƙungiyar ba za ta cika ba. Duka biyun akwai gaskiya a ciki. Na takwararki kuwa na uku ne, sama aka ja ta. Kuma ina zargin na san dalili, ko ban ga kocin ba: 'yar shekara 12 ba ta da nauyi, manyan 'yan mata za su ɗaga ta kamar ƙoƙo. Ba laifi ba ne, ana yi. Amma uwar ta sani cewa zaɓen da aka yi wa 'yarta wataƙila rabinsa ƙwazo ne, rabinsa sikeli.

Ni ma na taɓa zama wannan kocin. Lokacin da nake malamin wasanni a wata sakandaren kwana, ina da yaro ɗan aji biyu, siriri, dogo, in yana gudu kamar ba ya taɓa ƙasa. Ranar gasar intahaus na sa shi a mita ɗari na ƙanana, na sa shi a tseren miƙa sanda na ƙanana, da na ga gidanmu na bin maki kaɗan sai na cusa shi a na manya. Da hantsi na gan shi a bayan rumfa yana matsa bayan cinyarsa da babban yatsa. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau Malam, ya yi sauri ya janye hannu. Na san ƙarya yake, na kuma ji daɗin ƙaryar, don ita nake so in ji. Bayan azahar, hunturu ne, ƙura ta tashi, ya karɓi sanda a kwana ta ƙarshe, bai yi taku ashirin ba ya dafe cinya ya zube, sandar ta gangara cikin layin wani. Tsoka ce ta yage. Zangon karatu guda yana ɗingishi, kuma bai sake komawa gudunsa na da ba. Babu wanda ya tuhume ni, har shugaban makaranta ya yaba min da ƙoƙari. Shekara fiye da ashirin ke nan, ban manta yadda ya janye hannun nan ba.

Shi ya sa “kada ki gaya wa Baba” ya fi komai nauyi a wasiƙarki. Yaro mai son wasa ba ya faɗin ciwo, tsoro yake a cire shi, a wannan wasan kuma ga nauyin 'yan'uwa a kansa, don in wadda ake ɗagawa ba ta zo ba, mutum uku da ke ƙarƙashinta sun zama 'yan kallo. Mai ƙungiya biyu in ta kwanta, dala biyu ce ta rushe, ita ma ta san haka. Ni ba likita ba ne, ban kuma ga gwiwar ba. Amma ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, a kan ɗan tudun nan na saman ƙwauri, ga yaro mai tsalle-tsalle a shekarun da yake miƙewa, wanda ke tsananta in an durƙusa, sananne ne, likitoci na kiransa Osgood-Schlatter. Jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa ce ke jan ƙashin da bai gama ƙwari ba. Yawanci yakan wuce in girma ya tsaya, maganinsa rage nauyin atisaye, ƙanƙara da miƙe tsoka. Yana iya zama shi, yana iya zama wani abu, likitan ƙashi ne zai faɗa. Abin da ya fi damuna shi ne mai ciwon gwiwa da gajiya ba ta tsayuwa daram a tafin hannun mutane. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa kusan biyu cikin uku na munanan raunukan da 'yan mata 'yan sakandare suka samu a wasanni, irin na kai da wuya da ƙashin baya, daga wannan wasan suka fito. Ba a cika jin ciwo a cikinsa fiye da ƙwallo ba, amma in aka faɗo daga sama ake faɗowa.

Ga lissafi mai sauƙi da masu kula da lafiyar yara 'yan wasa ke bayarwa: awannin atisaye a mako kada su wuce shekarun yaro, a kuma bar masa kwana ɗaya ko biyu babu wasa. Ita 12, atisaye 13, tun ba a shiga kakar gasa ba, wadda ke kankama wajen ƙarshen shekara ta kai Afrilu ko Mayu. A ranar gasa kuma mai ƙungiya biyu sau biyu za ta ɗumama jiki, sau biyu za ta fito, wani lokaci da gudu za ta sauka daga wannan ta canja riga ta tarar da waccan. Kuɗin da ƙanenki ke kuka da shi ma gaskiya ne, akwai ƙarin kuɗin shiga a kowace gasa, wani lokaci da riga ta biyu, amma a ganina shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za a biya.

Kada ki ɗauka ina cewa taura biyu ba ta taunuwa ko ta halin ƙaƙa. Akwai yaran da hakan ke yi wa amfani, musamman wadda ta fi ƙarfin ƙungiyarta tana neman inda za ta ƙaru, ko wadda ake ɗagawa a nan ta koyi ɗaga wasu a can. Ya kamata duk wadda ake cillawa ta iya aikin ƙasa, don shekara biyu masu zuwa takwararki za ta yi tsawo ta yi jiki, a samo wata 'yar ƙarama a ɗora a gurbinta. Uwar ta shirya wa wannan ranar tun yanzu.

In ni ne ke, ga abin da zan ce wa ƙanena. Kada ya sa hannu sai likita ya duba gwiwar. Ya je da kansa, ba a waya ba, ya tambayi kocin: me yarinyar za ta koya a ƙungiya ta biyu da ba ta samu a ta farko ba, kuma wa zai tsaya a gurbinta in ta yi mako uku ba ta zo ba? In kocin yana da amsar ta biyun a bakinsa, ya san aikinsa, ana iya gwada kaka ɗaya da sharaɗin a rage awanni su dawo ƙasa da 12, a ƙara mata ranar hutu, kuma babu zancen ƙungiya ta uku. In ya fara inda-inda yana cewa ai babu kamarta, to bukatarsa ce ake biya da gwiwar 'yar mutane, ta tsaya a ƙungiyarta.

Saura amanar da ta ba ki. Kada ki tsallake ta ki kira uban, za ki rasa ta, gobe ba za ta sake faɗa miki komai ba. Ki kira ta ranar Juma'ar da take gida. Suna bayanmu da awa shida ko bakwai, wato in kin kira wajen goma ko sha ɗaya na dare ta dawo daga makaranta. Ki ce mata, takwara, wannan magana ta fi ƙarfin ɓoyo, ko ke ki faɗa wa Baba ina kan layi, ko ni in faɗa kina ji, zaɓi ɗaya. Ki kuma gaya mata cewa kafin a ga likita, in durƙuson na yi mata wuya, ta yi sallarta a zaune.