Tambaya da Amsa: Dokina na zazzaɓi duk lokacin da muka yi doguwar tafiya a mota

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da wani ingarma da nake ji da shi sosai, sau biyu kenan ina ɗaukarsa a tirela tafiyar da ta kai awa 14, kuma nakan ɗaure ragamarsa gajere a sama don kar ya dinga fizge-fizge ya ji wa kansa ciwo. Muna sauka lafiya lau yake, amma washegari sai in ga ya ƙi cin abinci, ga tari sama-sama, jikinsa zafi rau, wannan karon har da majina. Abokaina sun ce gajiya ce kawai in yi masa allurar kashe ciwo ya huta. Dan Allah me ke damunsa? Daga wani mai kiwon dawaki.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, in har yanzu dokin na cikin wannan hali toh ka nemo likitan dabbobi yau ɗin nan, kar ka bari sai gobe, kuma dan Allah ka ajiye batun allurar nan, don za ta sauke zafin ne ta rufe maka ido alhali ciwon yana can yana cin huhu.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da zazzaɓin tafiya, wato ciwon huhu da ke kama dawaki bayan doguwar hanya, kuma gaskiya inda hankalina ya fi tsayawa a wasiƙarka shi ne ɗaurin nan da kake yi masa a sama. Ka lura da doki in yana kiwo, kusan wuni guda kansa a ƙasa yake, wannan sunkuyon shi ke sa majina da ƙurar da ya shaƙa su gangaro ta maƙogwaro su fita. Da zarar ka ɗaure kan a sama na awanni da yawa sai majinar ta rasa hanya, ta taru a bututun iska, ƙwayoyin cutar da dama can suna zaune a hanci da maƙogwaronsa ba sa yi masa komai su samu gangara zuwa huhu. Ƙwayar cutar da aka fi kamawa da laifin ita ce Streptococcus zooepidemicus. A Jami'ar Sidni da ke Ostareliya an taɓa gwada ɗaure kan dawaki masu lafiya a sama ba tare da an kai su ko'ina ba, aka tarar ƙwayoyin sun cika bututun iskar cikin yini ɗaya, kaga kenan ɗaurin kaɗai ma ya isa ya jawo matsala.

Sai kuma iskar cikin tirelar. Doki ta hanci kawai yake numfashi, ga buhun busasshiyar ciyawa an rataye masa dab da hancin yana ja ƙura na tashi, ga zarnin fitsari da ke ƙona hanyar iska, ga zafi in an rufe tagogi, sannan yawancin dawaki ba sa son shan ruwa a hanya sai majinar ta yi kauri ta ƙi motsi, ga tsoro da gajiyar tsayuwa yana ta gyara ƙafa a kowace kwana wanda hakan ke raunana garkuwar jiki. Haɗarin yana ƙaruwa sosai in tafiya ta haura awa 10 zuwa 12, taka kuwa 14 ce.

Ka sayi ma'aunin zafi, wallahi ya fi maka magunguna da yawa amfani. Ana sa shi ta dubura, zafin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, numfashinsa in yana hutawa sau 8 zuwa 16 a minti ɗaya. Ka auna kafin ku tashi, in akwai zafi ko tari ko majina a fasa tafiyar, bayan kun sauka kuma safe da yamma na aƙalla kwana 3. Wata alamar da mutane ke wucewa ita ce ka ga ya tsaya ya buɗe ƙafafun gaba, ba ya son juyawa, numfashi gajere-gajere, in ka danna haƙarƙarinsa ya yi nishi. Wannan na nuna ciwon ya kai fatar da ke lulluɓe huhu, ruwa na iya taruwa a ƙirji har sai likita ya sa roba ya zuƙe, jinyar kan ɗauki makonni ko watanni, wani lokacin ma ta taɓa kofato. Ina jin ciwon ganin doki mai kyau ya kai nan saboda jinkirin kwana biyu.

A tafiya ta gaba ka sassauta igiyar yadda zai iya sauke kansa ƙasa da kafaɗa, amma kar ta yi tsawon da ƙafarsa za ta harɗe a ciki. Ka jiƙa ciyawar kafin ka ba shi, ka buɗe tagogi, ka kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, duk bayan awa 4 ku tsaya a miƙa masa ruwa a kwance masa igiyar ya sunkuyar da kansa na ɗan lokaci, in da hali ma ku raba tafiyar biyu ya kwana a ƙasa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da wasu ke ɗura wa doki kafin a tashi ba ya hana ciwon yadda ake zato, ka bar wa likita ya yanke wannan. Kuma tunda sau biyu kenan, ka ce masa ya duba ƙirjin da na'urar hoto kafin ka sake sa shi a mota ko ka hau shi sukuwa.