Jar zaiba: makamin da ke cikin labarinki da kwalbar da ke ƙarƙashin gadonku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta ƙagaggen labari a WhatsApp kan wata duniya da na sa wa suna Sarmaya, inda hafsoshin soja ke ƙera wani makami a ƙarƙashin dutse ba da sanin sarauniyarsu ba. Na rubuta cewa da jar zaiba suke haɗa shi, don na sha jin ana cewa ita ce sirrin bam ɗin nukiliya. Da farko so nake ka duba mini ko hankali zai ɗauka. Amma yanzu abin ya wuce labari. Maigidana ya karanta babi na huɗu ya ce ai abin gaskiya ne, har ya sayar da babur ɗinsa, shi da abokinsa suka sayi tsohon keken ɗinki da wata 'yar kwalba. Kwalbar tana ƙarƙashin gado a ɗakin da yarana biyu ke kwana. Hankalina ya ƙi kwanciya, gani nake ni na jawo. Daga wata 'yar'uwa a Pantami, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, kwalbar nan ta bar ɗakin yara. Kada ki buɗe ta, kada ki sunsuna. Ki sa ta a leda biyu, ki ɗaure, ki jefa cikin robar fenti mai murfi, a ajiye a waje cikin inuwa, nesa da rijiya da madafa. Ki buɗe tagogi. Idan kin ga wasu 'yan ƙwallaye masu ƙyalli kamar azurfa suna gangarawa a kan siminti, kada tsintsiya ta taɓa su, don shara tarwatsa su take yi su ƙara tashi cikin iska. Da kwali ake tattara su a hankali. Tabarma ko katifar da suka zuba a kai, haƙuri za a yi da ita. Zaiba tana tururi ko ba a ɗora ta a wuta ba, tururin ba shi da wari, kuma zafin Gombe na watan Maris da Afrilu ƙara masa ƙarfi yake yi. Ƙwaƙwalwa da ƙoda yake ci. In kin lura da rawar hannu, kumburin dasashi, yawan dalalar miyau, saurin fushi, ko tafin hannun yaro ya yi ja yana saɓa, a je asibiti a faɗa wa likita ƙarara cewa akwai zaiba a gidan, a nemi gwajin jini da fitsari.

Ba ke kika jawo ba. Wannan ƙarya ta girme ki.

Babu wani abu wai shi jar zaiba mai haɗa bam. Babu shi a Rasha, babu shi a cikin keken ɗinki, babu shi a tsohuwar talabijin, babu shi a gidan jemage. Akwai sinadaran zaiba masu launin ja, wasunsu tun zamanin da ake rini da fenti da su, kuma guba ce kawai, ba sa tashin ko tukunya. Jita-jitar ta yi ƙarfi ne bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da duk ɗan damfarar da ke da kwalba ya ce daga rumbun sojan Rasha ya sato ta. A 2004 hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya ta fito ta ce abin babu shi. A 2009 guguwar ta faɗa Saudiyya, mutane suka yi ta rububin tsofaffin kekunan Singer, ana kara waya kusa da allura wai in sabis ya ɗauke to akwai kaya a ciki. A kudancin Afirka akwai waɗanda suka rasa rayukansu wajen kwance nakiyoyin da yaƙi ya bari, suna neman ta. Yau ga ta a bakin masu shayi a Bolari da Jekadafari, da sabon suna, red makuri.

Ni dai na gaji da ita. Da wuya wata ya wuce wani bai shigo mini ofis yana waige-waige ba, ya rufe ƙofa, ya zaro kwalbar turare daga aljihun 'yar ciki ya ce in gwada masa a asirce. Wani dattijo, mai furfura, ya zauna a gabana ya nuna mini bidiyo a waya: an kawo tafarnuwa ɗigon ya gudu, an kawo zinare ya matso, an sa madubi bai fito ba. Na karɓi kwalbar na ɗaga. Zaiba ta gaskiya ta fi ruwa nauyi sau 13 da rabi, lita ɗaya ta haura kilo 13, 'yar kwalba ma sai ka ji ta ja hannunka ƙasa. Tasa ko nauyin man kitso ba ta kai ba. Jan farce ne aka sirka. Gonar gado ya jinginar a kan wannan. Da na faɗa masa, bai yi fushi da wanda ya sayar masa ba, ni ya yi wa kallon mai hassada.

Wanda aka sayar wa jan farce ma ya yi sa'a. Wasu zaiba ta gaske ake samo musu daga wajen masu wankin zinare, a zuba mata kala, su kai ta ɗakin aure su kwana da ita. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, ɗaruruwa suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida, bai kamata a ce sai an roƙe mu ba. A 1987 a garin Goyaniya na Burazil, 'yan gwangwan biyu suka kwance wata na'urar asibiti da aka yasar, aka sami wata hoda mai shuɗin haske a ciki, ashe tururin nukiliya take fitarwa, aka yi ta raba wa dangi ana murna. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, aka gwada fiye da mutum 100,000.

Kuma ki lura da yadda cinikin yake tafiya. Kullum akwai wani Alhaji ko Bature da ke jira da miliyoyi, kullum yana hanya, kullum sai an ƙara kuɗin gwaji ko na hayaƙi. Mai sayarwa da mai sayen da ba ya zuwa, bakinsu ɗaya. Ki tambayi maigida cikin ladabi, ba a gaban yara ba: mutumin da ke riƙe da abin miliyan ɗari, me ya sa ya yarda da kuɗin babur? Sannan ko da abin gaskiya ne, me ake cewa za a yi da shi? Bam, ko kiran aljani ya kawo kuɗi. Magidanci mai salla biyar ya sa guminsa a ɗayan biyun nan? A ji tsoron Allah. Masu tura bidiyon nan a zaurukan WhatsApp su ma da kamashonsu a duk gonar da ta salwanta.

Sai labarinki. Matsalar babi na huɗu ita ce kin ƙanƙanta makamin. Makami irin wannan ba ya shiga kwalba, aikin ƙera shi ma sai da gari guda. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar, kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai nau'in da ake buƙata, kuma na bam sai an tace shi ya kai wajen kashi 90. Lokacin da Amurka ta yi nata a yaƙin duniya na biyu, ma'aikata sun kai wajen 130,000, an gina garin Oak Ridge da babu shi a taswira, an ari azurfa fiye da tan 13,000 daga baitulmali don naɗa wayoyin maganaɗisu saboda tagulla ta yi ƙaranci. Duk da tsaron, a 1942 wani masanin Sobiyet, Georgy Flerov, ya lura cewa mujallun kimiyya na Turawa sun yi tsit a kan fasa ƙwayar zarra, ya rubuta wa shugabansu Stalin. Shirun ne ya tona asirin. An gwada bam ɗin ranar 16 ga Yulin 1945, a 1949 Sobiyet ta gwada nata.

To hafsoshin Sarmaya daga ina suke samun wuta? Wace unguwa ce ake ɗauke wa lantarki kowane dare ba bayani? Wa ke dafa wa ma'aikatan ƙarƙashin dutse abinci? Ki tsaya bakin hanyar Ashaka ki ƙirga tirelolin siminti na awa ɗaya, ki ga ko masana'anta tana ɓoyuwa. A 1979 ƙwayar cuta ta tsere daga wani sansanin soja a birnin Sverdlovsk na Tarayyar Sobiyet, aƙalla mutum 66 suka mutu, hukuma ta ce gurɓataccen nama ne, sai a 1992 shugaban Rasha na lokacin, Boris Yeltsin, ya amsa cewa daga soja ne. Da masu bincike suka zana inda mamatan suke a ranar, sai ga su a layi ɗaya, inda iska ta kaɗa, har da dabbobin ƙauyukan da ke gaba. Ki ba jarumarki aikin akawu ko unguwarzoma, ta ga lissafin da ya ƙi daidaita, ko tumakin da ke mutuwa a gefe ɗaya na kwari.

Sinadarin kuwa ki ƙirƙira masa suna irin na Sarmaya, wanda ba wanda zai je nemansa a tsohuwar kasuwa. Ki cire jar zaiba daga babi na huɗu yau, ki sake turawa zauren, ki faɗa wa masu karatunki dalili. Keken ɗinkin kuma a kai wa mai gyara ya sa masa mai, in Singer ce ta asali za ta yi ɗinki.