Likita, Na Rasa Abin Da Zai Tashe Ni Da Safe

Tambaya: Likita, shekarata 63, na yi shekara 35 ina karantarwa. Tun da na ajiye aiki bara, in na dawo daga sallar asuba sai in koma kwance har hantsi. Babu inda ke yi mini ciwo, amma ji nake ba ni da sauran amfani. Cuta ce? (Wani malami, Tahoua)

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alherin ilimin da ka bayar. Ba albashi kaɗai aiki ke ba mutum ba. Yana ba shi lokacin tashi, wurin zuwa, da mutanen da ke jiransa, kai kuwa duka suka kuɓuce maka rana guda. Wannan a kan kansa ba cuta ba ce. Yana zama ciwon damuwa idan an kai mako 2 ko fiye, kusan kullum, zuciya a ɓace, abin da ake jin daɗinsa da ya daina daɗi, barci da cin abinci sun rikice, ga kasala da ganin kai ba a bakin komai ba. In haka kake, ka ga likita. Ko ba haka ba ma, a shekarunka ina son a auna jininka, da sukari, da hawan jini, da aikin ƙululun wuya da ake kira tiroyid, domin ƙarancin jini ko raunin tiroyid kan sa mutuwar jiki irin wannan.

In gwaji ya fito lafiya, ga inda aka fi yin kuskure: mutum ya zauna yana jiran sha'awa ta zo kafin ya motsa. Sha'awar kuwa bayan motsi take zuwa. Ka zaɓi abu ɗaya wanda wani zai jira ka a kansa, a lokaci sananne. Misali yaran maƙwabta biyu da karatu ke ba wuya, Litinin da Alhamis bayan la'asar, minti 30. Biyu na ce, Malam, kada ka buɗe makaranta. Wanda ya ɗauki kaya mai nauyi tun farko yakan gaji a mako na biyu, ya ƙara yarda cewa ya ƙare. Bayan asuba kuma, maimakon shimfiɗa, ka taka na minti 30 kafin rana ta yi zafi, kwana 5 a mako. Minti 150 ke nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara. Kowane dare ka rubuta abin da ka yi, ka ba shi maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon yadda ya gamsar da kai. Bayan mako 2 ka duba: mai maki da yawa ka ƙara shi, maras maki ka sauya.

Tambaya: Na dawo daga Libiya hannu wofi. Kullum ina fada, wato majalisar hirar samari, muna shan shayi har tsakar dare, kuma sai na sha tramol nake jin ni mutum ne. Ina zan fara? (Wani matashi, Bukoki, Yamai)

Amsa: Ƙanena, ka yi jarumta da ka faɗi gaskiya. Daga tramol za ka fara, domin ƙarfin da yake ba ka aro ne, in ya sake ka sai zuciya ta fi da faɗuwa. Shansa da yawa na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Amma in ka daɗe kana sha kullum, kada ka yanke rana guda: gumi, zawo, ciwon gaɓɓai da rashin barci za su mayar da kai gare shi. Ka je asibitin unguwa ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa a tsara maka ragewa sannu a hankali. Zuwa can ba ya nufin hauka. Fada ba laifi ba ce, sai dai ka tsayar da shayi daga magariba don barci ya dawo. Da safe kuma ka nemi mai sana'a, ko a kasuwar Katako, ka roƙi ya ɗauke ka koyo, ko da babu biya a watan farko.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu wata 8 da suka wuce. Inna ta fita takaba amma ba ta ci, ta rame, tana cewa gara ta bi shi. Dangi na cewa ƙarancin tawakkali ne. (Wata ƴa, Talaje, Yamai)

Amsa: Ƴar'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Ina roƙon dangi su daina faɗa mata wannan magana, domin laifi take ƙara ɗora wa kanta. Mai imani na kamuwa da ciwon damuwa kamar yadda yake kamuwa da ciwon sukari. A yi addu'a, a kuma nemi magani. Kalmar "gara in bi shi" ba a wasa da ita. Ki zauna da Inna ku biyu, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Ku kawar da maganin ɓera, maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga ɗakinta, kada a bar ta ta kwana ita kaɗai, ku kai ta asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, yau ma in ta amsa da e.

Idan likita ya rubuta magani irin su fluoxetine ko amitriptyline, ku sani yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga sauƙi, shi ya sa da yawa ke jefar da shi a makon farko. Amitriptyline na sa bushewar baki da jin barci, kuma yana da haɗari in an sha fiye da ƙima, don haka ke za ki riƙe shi kina ba ta. Ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warware. Kada kuma ku karɓe mata duk aikin gida da sunan tausayi. Shekara da shekaru tana girka wa mutum guda, yanzu babu shi. Ku bar mata wani abu a hannunta, kamar kunun jikoki da safe, a rinƙa turo su ɗakinta su karɓa.